Yadda Ake Koyon Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama: Daga Jirgin Jifa Zuwa Zanen Kanka

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce: "A ina zan koyi zana jirgi na kaina, in ƙera shi, ya tashi?" Wani littafi yake nema, wani bidiyo, wani kuma sunan manhaja. Duk akwai su, kuma mafi yawansu kyauta ne. Kayan koyo sun wadata, abin da ke kayar da mutane shi ne ɗaukarsu a birkice. Mutum bai taɓa jefa jirgin kwali ya ga yadda yake sauka ba, amma ya zauna gaban kwamfuta wata uku yana zana jirgin yaƙi mai fukafukai sirara. Ranar gwaji jirgin ya yi daƙiƙa huɗu a sama, ya dawo ƙasa a tarwatse, mai shi ya ce abin ba nasa ba ne.

Don haka na jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su, kuma kowane abin koyo na ajiye shi a matakin da zai yi maka amfani. Ina roƙonka kada ka tsallake na farko don ka ga ya yi kama da wasan yara.

1. Fara da jirgin da ba shi da inji

Ka samo allon fom mai kaurin milimita 3 zuwa 5, ko siririn katakon balsa. Yanki fiffike mai tsawon santimita 40 da faɗin 7. Yanki wutsiyar kwance mai santimita 14 da 4.5, da wutsiyar tsaye mai kimanin 5 da 5. Gangar jikin sanda ce mara nauyi mai santimita 30. Tsaga fiffiken a tsakiya ba tare da ka raba shi ba, ka ɗaga kowane ƙarshe sama da santimita 4, ya yi kamar harafin V da aka buɗe sosai, sannan ka liƙa. Manna ɗan nauyi a hanci har sai jirgin ya daidaita a kan yatsu biyu idan ka tallafe shi a ƙarƙashin fiffike, kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba.

Yanzu jefa shi a hankali, hancin ya ɗan kalli ƙasa, a ranar da babu iska. Ka zuba ido sosai, domin abin da za ka gani a nan shi ne rabin ilimin sana'ar:

Idan ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo, ya sake ɗagawa kamar mai hawa tudu yana gangarawa, bayansa ya yi nauyi. Ƙara nauyi a hanci. Idan ya nufi ƙasa kai tsaye, ko hancin ya yi nauyi da yawa, ko kuma sai ka ɗan lanƙwasa bakin bayan wutsiyar kwance sama. Idan kullum gefe ɗaya yake karkata, fiffike ya murɗe ko wutsiyar tsaye ba ta miƙe ba. Duba shi daga gaba, ido ɗaya a rufe, za ka ga inda laifin yake.

Yi uku ko huɗu. A na biyu rage wutsiya, a na uku cire ɗagawar fukafukan ka ga yadda zai riƙa kifewa. Kwana biyu a kan wannan aikin zai sa duk abin da za ka karanta daga baya ya zauna maka, domin gani ya kori ji. Idan kana son bayanin dalilin abin da ka gani, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana da darussan farko na ilimin tashin jirgi a intanet kyauta, da zanuka masu sauƙin fahimta.

2. Koyi tuƙi kafin ka gama gini

Ƙera jirgi daban, tuƙa shi daban. Idan sabon magini ya haɗu da sabon matuƙi a jirgi ɗaya, in ya faɗi ba za ka san laifin wane ne ba.

Sayi rimot tun yanzu, mai aiki a kan 2.4GHz, mai tasha 6 aƙalla (kowace tasha abu ɗaya take sarrafawa a jirgin), wanda yake iya adana saitin jirage da yawa kuma ana iya jona shi da kwamfuta. Sai ka sauke manhajar kwaikwayon tuƙi. PicaSim kyauta ce kuma ta isa mai farawa. RealFlight ta kuɗi ce, ta fi yawan jirage. Abin da za ka koya guda uku ne: zagaye ta dama da ta hagu ba tare da jirgin ya yi ƙasa ba, tuƙi lokacin da jirgin yake fuskantarka, da sauka a wurin da ka zaɓa. Na biyun shi ne mai wuya, saboda idan jirgi ya juyo yana kallonka, damansa ta koma hagunka, yatsa kuwa ba ya yarda da haka sai an daɗe ana horar da shi. Minti 20 kullum ya fi awa uku a rana ɗaya. Kada ka bar manhajar sai ka iya sauka sau goma a jere ba ka fasa ba.

Hattara: rimot iri biyu ne. Mode 2 totur ɗinsa, wato sandar ƙara wa inji wuta, yana hannun hagu, Mode 1 yana hannun dama. Mafi yawan bidiyon koyarwa da Mode 2 ake yin su. Zaɓi ɗaya tun farko ka tsaya a kansa.

3. Kayan aiki, da inda kuɗin yake tafiya

Teburin aiki mai shafaffen sama, wuƙar yanka kwali da reza masu yawa na canji, rular ƙarfe doguwa, sikwaya, samfefa, bindigar gam mai narkewa, salatif mai faɗi, filaya, ƙaramin sukuddireba, ƙarfen narka dalma, da sikelin da yake auna giram ɗaya-ɗaya. Sikelin nan kada ka raina shi, za ka ga dalili a gaba.

Rimot ne zai fi cin kuɗi, amma shi ne zai yi shekaru yana bin ka daga jirgi zuwa jirgi. Caja mai kyau tana biye da shi, sai batura. Inji, na'urar sarrafa gudunsa da sarbo (ƙananan na'urorin da suke motsa sassan tuƙi na wutsiya da fiffike) suna da sauƙin kuɗi, kuma galibi suna tsira daga faɗuwa a cire su a sa wa wani jirgin. Gangar jikin fom ita ce mafi arha a cikin duka, kuma haka ake so: abin da zai karye ya zama abin da ba ya sa ka kuka. Inda ake yin asara shi ne sayen rimot na wasan yara don gudun tsada, bayan wata biyu a sake sayen na gaske. Sayi farfela biyar ko shida a lokaci ɗaya, da batir biyu.

4. Ɗauki zanen da wasu suka riga suka gwada

Jirginka na farko mai inji kada ya zama zanenka. Na san wannan maganar ba ta yi wa masu zumuɗi daɗi, amma a kanta nake tsaye. Zanen da mutane da yawa suka gina suka tashe shi ya riga ya amsa tambayoyin da kai ba ka ma san za ka yi ba: ina cibiyar nauyi (wurin da jirgin yake daidaita idan an tallafe shi), wane inji, nawa ne motsin wutsiya.

Flite Test, waɗanda suka fara a Amurka a 2010, suna da zanukan jiragen fom kyauta tare da bidiyon gini daga yankan farko har tashi. Tiny Trainer da Simple Cub suna cikin waɗanda aka yi domin masu farawa. Outerzone kuwa taska ce ta dubban tsofaffin zanuka, mafi yawansu na balsa. Ka riƙa shiga kana nazarin su ko ba za ka gina ba, domin a nan ake ganin yadda magabata suka riƙa rage nauyi ba tare da sun rage ƙarfi ba. Amma ginin balsa ka bar shi sai jirgi na uku ko na huɗu. Yana cin makonni, gyaransa kuma yana da wuya.

Siffofin da za ka nema: fiffike a saman gangar jiki, tsawonsa mita 1 zuwa 1.4, ƙarshensa a ɗage, mai faɗi, wutsiya babba, da tafiya a hankali. Jirgi ƙarami ainun iska tana wasa da shi, kuma yana saurin ɓacewa ido. Idan zanen ya ba da damar ɗaure fiffike da robar ɗaure kaya maimakon gam, ya fi, saboda in ya bugi ƙasa fiffiken zai fice maimakon ya karye.

5. Bugawa, yanka da haɗawa

Zanen yakan zo a shafuka da yawa da za ka jera ka liƙa. A nan ake yin kuskuren farko: firinta tana son rage hoto don ya shiga takarda. Ka saita ta a kashi 100, ka buga shafi ɗaya tukuna, ka auna ma'aunin da ke jikin zanen da rula. Zanukan Amurka da yawa an tsara su ne a kan takardarsu mai milimita 216 da 279, alhali A4 tana da 210 da 297, don haka ka nemi wanda ya dace da takardarka. Idan awon da inci aka rubuta, inci 1 santimita 2.54 ne.

Kalli bidiyon ginin gaba ɗaya sau ɗaya hannunka bai taɓa komai ba. A karo na biyu ne za ka bi shi kana tsayarwa.

Wajen yanka, kwantar da rezar, ka bi layi sau biyu ko uku a hankali maimakon ka danna sau ɗaya. Da zarar ka ga fom yana yagewa yana yin gari, rezar ta dakushe, canza ta. Zanukan fom suna bambanta layin da za a yanke har ƙasa da layin da za a tsaga rabi don lanƙwasawa, yawanci da launi. Karanta bayanin launukan kafin ka sa reza. Fiffike kuma dama da hagu ne: mutane da yawa sun yanka na dama guda biyu.

Jerin haɗawa: fiffike tukuna, sai wutsiyoyi, sai gangar jiki, sannan a haɗa su. Gwada kowane haɗi a bushe kafin ka sa gam. Fiffike a kan tebur ake gina shi, a danne shi har gam ya kama, domin murɗewar da ta shiga a wannan lokacin ba ta fita. Bayan ka ɗora shi, auna daga ƙarshen kowane fiffike zuwa ƙarshen wutsiya da zare. Dole awon biyu su zo ɗaya. Wutsiyar tsaye kuma ka tsayar da ita da sikwaya.

Hattara da gam. Supa gulu na yau da kullum yana cin fom ɗin da aka yi da folistirin, haka ma fentin feshi mai ƙarfin sinadari. Gwada a kan guntu kafin ka taɓa jirgin. Gam mai narkewa yana da nauyi, kuma yana yin laushi idan jirgi ya daɗe a cikin mota a rana. Siririn layi ya isa, ka share abin da ya fito. Wurin da inji zai zauna katakon filawud ake sa wa, a liƙa da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka: kada ka "ƙara wa jirgi ƙarfi" a baya. Wutsiya tana da nisa daga cibiyar nauyi fiye da hanci, ninki biyu ko uku. Giram 10 na gam ko fenti a wutsiya sai ka biya shi da giram 20 zuwa 30 a hanci. Jirgi mai nauyi sai da gudu yake tashi, mai gudu kuwa ya fi bugun ƙasa da ƙarfi. Ƙarfin da ka ƙara shi ne zai karya shi.

6. Inji, batir da wayoyi

Bi abin da mai zanen ya rubuta. Idan bai rubuta ba, ga ma'auni: jirgin koyo yana buƙatar wat 150 zuwa 200 a kowane kilo na nauyinsa gaba ɗaya, har da batir. Ga jirgi mai kusan kilo 1, haɗin da aka saba shi ne inji mai lamba 2212 mai KV 1000, farfela 10x4.5, na'urar sarrafa gudu da ake rubuta ESC a jikinta mai amfiya 30, batirin LiPo mai ɗaki uku (ƙananan batura uku a haɗe) mai 2200mAh, da sarbo masu giram 9. KV yana nufin juyin inji a minti ɗaya ga kowane bolt idan babu farfela a kai. Lambobin farfela kuma, ta farko faɗinta ne a inci, ta biyu nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya. Idan ka ƙara girman farfela, wutar da inji yake ja tana ƙaruwa sosai, har ta ƙone shi. Shafin eCalc yana lissafa maka wannan kafin ka sayi komai.

Wayoyin inji uku suna shiga ESC, ita kuma tana zuwa batir da tashar totur a risiba, wato na'urar da take karɓar umarnin rimot a cikin jirgin. Idan inji ya juya baya, musanya kowace biyu cikin wayoyin uku. Kafin ka ɗaura hannun sarbo, kunna rimot da risiba don sarbon ya koma tsakiya, sannan ka sa hannun a tsaye daidai.

Hattara: duk wani saiti da za ka yi a kan tebur, cire farfela. Tana yanka yatsa har ƙashi. Idan za ka mayar da ita, gefen da lambobi suke shi ne yake kallon gaban jirgi. Kullum rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a jona batir. Wajen kashewa batir ake fara cirewa.

Hattara ta biyu, kuma ta fi ta farko: batirin LiPo yana kama wuta. Kowane ɗaki bolt 3.7 ake rubuta masa, amma yana kai 4.2 idan ya cika. Kada ya wuce haka, kada kuma ya sauka ƙasa da 3.0, gara ma ka sauko da jirgi tun yana wajen 3.5. Yi caji da cajar da take daidaita ɗakuna, a amfiya 2.2 ga batir mai 2200mAh, a kan siminti ko ƙasa, kana wurin. Idan zai kwana da yawa ba a yi aiki da shi ba, ajiye shi a 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki.

7. Cibiyar nauyi da binciken ƙarshe

A zane za ka ga wata alama da aka rubuta CG. Wannan ita ce cibiyar nauyi, kuma babu awon da ya kai ta muhimmanci a jirgin. A fiffike mai faɗi ɗaya daga tushe zuwa ƙarshe, tana zama tsakanin kashi 25 da 33 cikin 100 na faɗinsa, daga bakin gaba. Sa alama biyu a ƙarƙashin fiffike, ɗora jirgin a kan yatsunka da batir a ciki. Ya tsaya a kwance ko hancin ya ɗan sunkuya. Gyara da matsar da batir gaba ko baya kafin ka yi tunanin ƙara dalma. Jirgin da hancinsa ya ɗan yi nauyi zai tashi, sai dai ya yi nawa wajen amsa umarni. Wanda bayansa ya yi nauyi ba ya tuƙuwa ko a hannun gwani. Ɗaure batirin tamau, domin idan ya zame a sama cibiyar ta zame.

Sai ka tsaya a bayan jirgin ka gwada motsi. Ja sandar elebeta zuwa gare ka: bakin bayan wutsiyar kwance ya ɗaga sama. Tura roda dama: bakin bayan wutsiyar tsaye ya tafi dama. Idan akwai eleron, wato sassa masu motsi a bakin bayan fukafukai, tura dama: na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Faɗi kowanne da baki yayin da kake yi. Motsi a juye ya kashe jirage sababbi fiye da yadda ake zato. Saita yawan motsin a ƙaramin adadin da zanen ya bayar. A ƙarshe, farfela a cire, ba inji wuta kaɗan ka kashe rimot: dole injin ya tsaya. Idan bai tsaya ba, gyara saitin risiba kafin ka fita.

8. Doka, fili da tashin farko

Bincika dokar hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarka tun kafin ka fita. A Amurka da Tarayyar Turai nauyin giram 250 shi ne iyakar da rajista take farawa ga yawancin masu sha'awa, tsayin da aka yarda kuwa kimanin mita 120 ne. A wasu ƙasashen sai da izini. Ko'ina kake, nisanci filin jirgin sama, wuraren tsaro, taron jama'a da wayoyin lantarki, kuma kada jirgin ya fita daga ganinka.

Idan akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa kusa da kai, je musu. Ka bar gwani ya yi tashin farko ya daidaita jirgin, sannan ya miƙa maka a sama. Rimot da yawa ana iya haɗa biyu, malami ya karɓe tuƙi da zarar ka rikice.

Idan kai kaɗai ne, nemi fili babba mai ciyawa, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta. Gwada nisan rimot kamar yadda littafinsa ya ce. Fuskanci iska, ba da totur kamar kashi uku cikin huɗu, a jefa jirgin a kwance, ba sama ba. Bar shi ya sami gudu kafin ka ja hanci. Hau sama sosai, rage totur zuwa rabi, ka gyara da maɓallan tirim, wato ƙananan maɓallan daidaitawa da ke gefen sandunan rimot, har ya tafi miƙe idan ka saki sanduna. Tun kana sama, rage gudu ka ga yadda yake yi idan gudun ya yi kaɗan har iska ta daina ɗaukar fiffike, don kada ka fara ganin hakan kusa da ƙasa. Saita agogo a minti 5. Sauka ma iska ake fuskanta. Idan ka tabbata zai faɗi, kashe totur kafin ya taɓa ƙasa, za ka ceci inji da ESC.

9. Riƙe littafin rubutu

Daga nan ne ake zama mai zane. Ga kowane jirgi rubuta nauyin kowane sashe, nauyin duka, girman fiffike, inda cibiyar nauyi take, farfela, da yadda ya tashi. Bayan haka fara canji, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Matsar da cibiyar baya da milimita 3 ka tashi. Gina wani fiffiken da ya fi tsawo ka ɗora a gangar jikin nan. Idan ka canza abu uku tare, ko jirgin ya gyaru ba ka koyi komai ba.

10. Zanenka na farko

Bayan ka gina biyu ko uku na wasu, ɗauki takarda mai layukan murabba'i da fensir. Ga misali da za ka bi da lambobinka.

Fara da fiffike: tsawo santimita 120, faɗi 20. Tsawon ya ninka faɗin sau 6, kuma tsakanin 5 da 7 ake so ga jirgin koyo. Filin fiffiken ya zama murabba'in santimita 2,400, wato murabba'in desimita 24. Jera nauyin kayan da za ka sa, ka ƙara ƙiyasin fom da gam daga littafinka. A ce ya kama giram 900. Raba 900 da 24, ka sami 37.5. Wannan shi ne nauyin da kowane murabba'in desimita yake ɗauka. Ƙasa da 40 jirgi ne mai haƙuri, idan ya haura 60 kuwa ya fara neman gudu da ƙwararren hannu. Jirgin misalinmu zai iya tsayawa a sama har gudunsa ya sauka zuwa wajen mita 8 a daƙiƙa.

Wutsiyar kwance ta zama kashi 20 zuwa 25 na filin fiffike: santimita 40 da 13 ya yi. Ta tsaye kimanin kashi 10: 16 da 15. Nisan da ke tsakanin fiffike da wutsiyar kwance, idan ka auna daga kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin kowanne, ya kai faɗin fiffike sau biyu da rabi zuwa uku, a ce santimita 55. Akwai gwajin da zai tabbatar maka: ninka filin wutsiya da wannan nisan, ka raba da filin fiffike da aka ninka da faɗinsa. A nan 520 sau 55, a raba da 2,400 sau 20, ya ba da kusan 0.6. Tsakanin 0.5 da 0.6 wuri ne mai aminci. Idan ka gajarta bayan jirgi, dole ka ƙara girman wutsiya.

Hanci, daga farfela zuwa bakin fiffike, santimita 20 zuwa 25, da ɗakin batir mai tsawo don ka sami wurin matsarwa. Gangar jikin duka za ta zo wajen 90. Cibiyar nauyi tana tsakanin santimita 5 da 6.6 daga bakin gaba, ka fara daga 5. Idan babu eleron, ɗaga kowane ƙarshen fiffike da digiri 5, wato kimanin santimita 5. Idan akwai, digiri 2 ko 3 sun isa. Bakin gaban fiffike ya ɗan ɗaga da digiri 1 zuwa 2 idan aka kwatanta da wutsiyar kwance. Inji kuma ya kalli ƙasa da digiri 2, dama da digiri 2, idan farfelar gaba ce mai juyin da aka saba.

Siffar yankan fiffike kada ta ɗauke maka hankali. Clark Y, wadda Virginius Clark ya fitar a 1922, ƙasanta kusan shafaffe ne, kaurinta kashi 11.7 na faɗi, tana da sauƙin gini a kan tebur kuma tana da haƙuri. Sa ƙashin fiffike, sandar kabon ko katako mara nauyi, a inda ya fi kauri. Ka tuna cewa idan jirgi ya kwanta digiri 60 yana juyawa ba tare da ya yi ƙasa ba, fiffike yana ɗaukar ninkin nauyinsa biyu, fitowa daga gangara kuma za ta iya fin haka.

Kafin ka yanka babban, yi ƙaraminsa, kashi ɗaya cikin uku na girman, ba inji, ka jefa kamar yadda ka yi a mataki na 1. Awa ɗaya zai ci maka, kuma zai nuna maka ko wutsiya ta isa.

Hattara da ƙara wa zane girma a firinta. Idan ka ninka kowane awo biyu, filin fiffike ya ninka huɗu, nauyi kuwa zai iya ninka takwas. Haka nan jirgin gaske da aka rage shi daidai da daidai ba ya tashi da kyau, saboda iska ba ta bin ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali yadda take bin babba. Shi ya sa masu kwaikwayon jiragen gaske sukan ƙara girman wutsiya su canza siffar fiffike.

11. Lokacin littattafai da manhajoji

Yanzu ne karatu mai zurfi zai shige ka, saboda kana da tambayoyi na kanka. Littafin Andy Lennon mai suna Basics of R/C Model Aircraft Design, na 1996, yana bin lissafin zane daki-daki, sai dai da awon inci da oza yake aiki. Model Aircraft Aerodynamics na Martin Simons, wanda ya fara fita a 1978, shi ne yake warware dalilin da ya sa ƙananan fukafukai suke da halinsu daban. Fara da na Lennon idan gini ne a gabanka, ka riƙa komawa na Simons duk lokacin da jirgi ya yi abin da ba ka gane ba. Da Turanci aka rubuta duka biyun, don haka ka ware shafi a littafinka kana tara kalmomin sana'ar da ma'anarsu.

Jami'ar Illinois a Amurka tana da taskar siffofin fiffike sama da 1,500 a intanet, ƙarƙashin kulawar Farfesa Michael Selig. XFOIL, wadda Mark Drela na jami'ar MIT ya rubuta, tana lissafa halin siffa ɗaya a cikin iska, XFLR5 kuma ta ɗora a kanta tana nazarin fiffike da wutsiya tare. Duka kyauta ne. Za su tambaye ka lambar Reynolds, wadda take nuna yanayin bin iska a kan fiffike: ninka gudu a mita cikin daƙiƙa da faɗin fiffike a mita, sannan da 70,000. Fiffikenmu mai faɗin mita 0.2 a gudun mita 10 ya ba da 140,000.

Jirgin da za ka fara shigarwa a XFLR5 ya zama wanda ka riga ka tashe shi, wanda ka san inda cibiyarsa ta fi daɗi da mafi ƙarancin gudun da yake iya tsayawa a sama da shi. Kwatanta amsar manhajar da abin da ke littafinka. Idan sun yi nisa da juna, duba nauyi da awon da ka shigar tukuna, sannan ka tuna cewa manhajar tana ɗaukar fiffike sumul ne, naka kuwa na fom ne mai gaɓoɓi da salatif, don haka jan iskarsa zai fi abin da allo ya nuna.